Tabon da ke Bayan Jatau

Tungar Gawo, ƙasar Maradun
Oktoba, 1977

Zuwa ga ɗana Falalu, a makarantar likitoci ta Zariya,

Sallama irin ta addini da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da karatu da abokan karatu. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ke faɗa da keken ɗinki, ita ta gaji shi bai gaji ba. Innarka tana gaishe ka, ta ce in tambaya ko ka yi ƙiba.

Takardarka ta iso shagon Alhaji Abdu mai yadi a Talata Mafara, na karɓo ta ranar kasuwa. Na ga inda ka ce yanzu an kai ku ɓangaren ciwon fata. Na yi dariya har da tari. Ashe duk shekarun nan da muke tinƙaho muna da likita a dangi, ƙazuwa da makero aka tura ka koyo? Da ka faɗa tun farko, da tsofaffin gidan nan sun koya maka a tsakar gida. Kada ka ji haushi. Ni da marigayiya mahaifiyarka kakanmu ɗaya, ita ma ba ta tsira daga bakina ba.

Labarin gari shi ne madatsar ruwan Bakolori. An ce in aka tare kogin, ruwa zai cinye Tungar Gawo kaf, har da gawon. An nuna mana wani tudu, an kafa turaku an yanka fegi-fegi. Masu awo sun ce su awo ne nasu, wanda zai zauna kusa da wa kuwa mu shirya tsakaninmu, don haka maganar tana hannun Mai'unguwa Maikuɗi. Na roƙe shi fegin da ke jikin nawa a ba 'yata Taibatu da mijinta, in tsufa ina jin muryar jikokina ta kan katanga. Ya ce ya ba su.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne mijin nata, Jatau. Ka san shi, Bafulatanin nan da shanunsu suka ƙare a shekarun fari, ya zauna cikinmu ya kama noma. Tun da na ba shi 'yata ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Yanzu yana leburanci a hanyar ruwan da ake haƙawa wajen Bakura. A can ya tuɓe riga saboda zafi, abokan aiki suka ga wani tabo fari-fari a kafaɗarsa ta baya, faɗinsa kamar tafin hannu. Ka san bakin mutane. Kafin ya dawo gida maganar ta riga shi isowa, kuma ba ƙyasfi suke cewa ba, babban suna suke kira masa. Ni ba na son in rubuta sunan.

Tunda fata kake karantawa, ga fata ta zo har gida. Ka gaya mini abin yi.

Kawunka,
Ɗanasabe Tela

*

Zariya
Oktoba, 1977

Zuwa ga Kawu Ɗanasabe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kai da Inna da duk gida kuna lafiya. A gaya wa Inna ban yi ƙiba ba, tuwon makaranta ba ya kama jiki. Gwiwar kuma a riƙa hutar da ita, keke ba zai gudu ba.

Kawu, ka yi mini dariya, ni ma na yi wa kaina a makon farko. Yanzu na daina. Malaminmu Dokta Ayuba ba ya yarda a duba mara lafiya a cikin ɗaki. Sai an fito da shi bakin taga ko baranda, inda hasken rana yake. Littattafanmu duk hoton fatar Turawa ne a ciki, sai su ce wuri ya yi ja, mu kuwa mu duba jikin mutumin da ke gabanmu mu ga ba ja ko kaɗan, sai duhu-duhu ko toka-toka. Shi ya sa yake cewa mu rufe littafi mu miƙa hannu. Muna shafawa da bayan yatsa, muna kankarewa da farce, muna tambayar mutum sana'arsa da abin da yake wanka da shi. Na ga ciwo iri-iri da a gida duk suna ɗaya muke ba su.

Sunan da ka ƙi rubutawa ni zan rubuta: kuturta. A nan kullum muna faɗarsa, har ya daina ba ni tsoro kamar da. Tana da magani, ƙwaya ce ake sha, kuma wanda aka kama tasa da wuri ba ya rasa ko farce. Amma ni a ganina na Jatau ƙyasfi ne. Mai aiki cikin rana da gumi shi ƙyasfi yake so.

Dokta Ayuba ya hana mu sa wa ciwo suna daga nesa, amma ga wani gwaji mai sauƙi da aka nuna mana, don hankalinka ya kwanta. A sami 'yar auduga a murza bakinta. Jatau ya rufe ido, a taɓa tsakiyar tabon da ita. Tabon kuturta ba ya ji, fatar wurin ta mutu. Idan ya ji, to ba ita ba ce, sai a nemi maganin shafawa. Idan bai ji ba, a kai shi asibiti su duba.

Na yi murna da maganar fegin. Allah ya sa in zo in sha furar Taibatu a sabon gida, kana leƙowa ta katanga kana yi mana tsiya.

Ɗanka,
Falalu

*

Tungar Gawo
Nuwamba, 1977

Ɗana Falalu,

Ina gaishe ka. Muna nan da rai da lafiya, Alhamdu lillahi, amma gidan ba daɗi.

Na yi abin da ka ce. Da na karanta takardarka zuciyata ta yi fari, na ce tunda ƙyasfi ne, bari in kashe bakin mutane gaba ɗaya. Na kira Mai'unguwa Maikuɗi da liman da dattawa biyu zuwa zaurena bayan sallar la'asar, don su gani da idonsu. Na aika aka kira Jatau. Ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya shigo ya durƙusa. Na ce ya cire riga ya juya mana baya. Ya daɗe kafin ya cire, amma ya cire.

Abu ɗaya na gyara a maganarka. Auduga ta fatar 'yan birni ce. Mutumin da ya yini yana ɗaukar kwanon ƙasa a kafaɗa, ko lafiyarsa ƙalau ina zai ji auduga? Na ji tsoron kada ya kasa ji a zalunce shi. Sai na karyo ƙayar aduwa, wadda ko jaki ya taka sai ya sani.

Falalu, na soka a tsakiyar tabon. Bai motsa ba. Na ƙara, na danna. Ko gezau. Na canja wuri na ƙara, na ƙara, ina roƙon Allah a zuciyata ya zabura ko sau ɗaya, har jini ya tsattsafo. Yana durƙushe kansa a ƙasa kamar gungume nake suka. Liman ya ce, "Jatau, ba ka jiya ba?" Bai ce uffan ba.

Mai'unguwa ya tashi ya kaɗe rigarsa ya ce, "Malam Ɗanasabe, kai kak kira mu, kai kas soka, kuma ɗanku likita shi yab ba da gwajin. Mi ar ragowar magana?"

Babu ragowa. Washegari aka ware masa buta a masallaci. A wurin aiki an bar shi yana haƙa, amma ba mai sa hannu a kwanonsa. Mai'unguwa ya ce ba da ƙiyayya ba, amma a sabon gari fegin Jatau zai koma hayin kwazazzabo, bayan gari, kamar yadda aka saba yi wa masu wannan lalura tun kakanni. Na ce masa tana da magani, ka rubuto. Ya ce in ya warke a sake magana. Na jikin nawa kuwa Bello mahauci ya riga ya fara zagaya shi.

Na ce wa Jatau mu je asibiti. Ya ce to. Kullum to, kullum kuma sai ya sa asuba ya tafi aiki. Taibatu ba ta yi mini magana sai gaisuwa.

Ba a fara gini ba tukuna, sai an gama kai amfanin gona. In akwai wata magana da za ta tsayar da Mai'unguwa, yanzu ne lokacinta. Ka rubuto da sauri.

Kawunka,
Ɗanasabe

*

Zariya
Nuwamba, 1977

Kawu,

Ina gaishe ku duka, Allah ya sa kuna lafiya. Ka yafe mini gajeriyar gaisuwa.

Don Allah a tsayar da maganar fegin. Abin da aka yi a zaure ba gwaji ba ne. Ba a yi da ƙaya.

Na kai takardarka wurin Dokta Ayuba. Ya karanta, ya cire tabarau, ya tambaye ni ko na taɓa ganin tabon da idona. Na ce a'a. Ya tambaya ko na gaya maka a fara gwadawa a lafiyayyar fata, ido buɗe, don mutum ya gane abin da ake nema gare shi. Na ce a'a. Ya tambaya ko na ce mara lafiya ya nuna wurin da yatsa maimakon ya amsa da baki. Na ce a'a. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ja ni zuwa baranda wurin wata tsohuwa mai kuturta ta gaske, ya gaisa da ita hannu da hannu, ya ce in shafa tabonta. A bushe yake ƙamas, ba gashi, ba gumi, alhali duk sauran jikinta ya jiƙe. Ya sa na laluba jijiyar da ke bayan gwiwar hannunta, na ji ta yi kauri kamar igiyar guga. Ya ce da duk waɗannan ake haɗawa kafin a buɗe baki, ni kuwa na aika da guda ɗaya a ambulan, ita ma rabi.

Ya ƙara da cewa auduga ake so don ba ta da zafi. Zafi wani yana iya daurewa ya ɓoye, wani kuma ya yi ihu kafin a taɓa shi. Auduga kuwa ba a yi mata jarumta.

Ka duba mini abu uku, ko Taibatu ta duba. Tabon yana gumi? Akwai gashi a kansa? In an kankare da farce, yana tashi kamar dusa? Ka nuna wa Mai'unguwa takardar nan, ka ce likitan da ya ba da gwajin ya janye shi.

Ɗanka,
Falalu

*

Sabuwar Tunga
Disamba, 1977

Falalu,

Gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta ɓoye ka. Mu mun tashi, muna kan tudu cikin bukkokin kara, ana ta kwaɓa ƙasa. Innarka ta yi zazzaɓi ta warke.

Na ce ka rubuto da sauri, ga shi wata ya mutu wani ya tsaya, shiru. Alhaji Abdu ya tafi aikin hajji ya kulle shago, amma na ce da akwai magana mai daɗi da ka san yadda za ka isar da ita. Ni na san irin wannan shirun. Likita in ya ga abin ya fi ƙarfinsa, sai ya kama gyaran tabarau. Na gaya wa Mai'unguwa ka yi shiru, ya ce ai shirun ma amsa ce.

An ba Bello mahauci fegin. Kullum da safe ina jin sa ta inda na so in ji jikokina, yana wasa wuƙa.

Jatau bai yi gardama da kowa ba. Ya ɗauki galma ya tsallaka kwazazzabo ya fara haƙa tushe shi kaɗai, in ya taso daga aiki. Ba wanda ya je masa gayya. Na ce Taibatu ta zauna wurinmu da yaran har a ga abin da Allah zai yi. Ta ɗaure tukwanenta a zane ta tsaya a gabana ta ce, "Baba, in kuturta ta, ni ma ta kama ni tuni. In ba ita ba ta, to kun san wa anka zalunta." Ta ɗauki kayanta ta bi shi. Ban taɓa jin ta mayar mini da magana ba sai ranar.

Ba na yin barci sosai. Ina zaune gaban keke sai in ga na ɗinka hannun riga a wuya. Ni na ba yaron nan 'yata lokacin da mutane ke cewa ba shi da kowa, ni kuma na tara masa mutane. Ina jin zafin abin, Falalu, kuma ina jin haushinka, ko da yake ban san laifinka ba.

In maganin da ka ce akwai shi da gaske, ka aiko, ko ka faɗi inda ake samu. In kuma karatun naka bai kai nan ba, ka ce bai kai ba. Ba abin kunya ba ne.

Kawunka,
Ɗanasabe

*

Hayin kwazazzabo, Sabuwar Tunga
Janairu, 1978

Kawu,

Ina gaishe ka, ina kuma yi maka ta'aziyyar abokinka na Faru, Allah ya jiƙansa. Na zo na tarar ka tafi can zaman makoki. Izinin da aka ba ni gajere ne, dole in kama mota a Talata Mafara gobe da safe, shi ya sa nake rubuta wannan a bukkar Taibatu in bar maka a hannunta. Na ga Inna, ta ji sauƙi, ta kuma tabbatar ban yi ƙiba ba.

Ban yi shiru ba, Kawu. Na amsa maka a makon da takardarka ta zo. Amsar tana kulle a shagon Alhaji Abdu, yau na karɓo ta da hannuna, ga ta nan na haɗa maka.

Na sami Jatau a wurin aikinsu wajen Bakura, na ja shi gefe bayan tarin ƙasa, mu biyu kawai, rana tsaka. Tabon yana gumi kamar sauran bayansa. Gashin wurin yana nan. Na kankare da farce, ya tashi fari kamar dusa. Jijiyoyinsa lafiya lau. Na nuna masa audugar ido buɗe, na ce duk inda ya ji ta sauka ya kai yatsa. Ya rufe ido. Na taɓa tsakiyar tabon da silin da ko ƙuda ya fi shi nauyi, yatsansa ya tafi kai tsaye. Na canja wuri, ya bi ni. Na tsaya ban taɓa ba don in gwada shi, shi ma ya tsaya. Ƙyasfi ne. Na kankaro kaɗan a gilashi zan kai wa Dokta Ayuba ya duba a madubin ganin ƙwayoyin cuta, don kada in sake yanke hukunci ni kaɗai, amma ba ni da shakka. Na ba Taibatu maganin shafawa.

Na tambaye shi, to ranar nan a zaure, ƙayar fa?

Ya yi murmushi ya ce, "Likita, ƙaya ta shiga naman mutum shi kasa jiya? Na jiya har cikin haƙorana."

Na ce to me ya hana ka motsi?

Ya ɗaga hannu ya nuna mini haƙarƙarinsa. Ka taɓa ganin tabon sharo a jikinsa? Layi-layi ne, sun yi tudu. Ya ce, "Wanga da bulala anka yi shi, gaban 'yan mata, ina riƙe da madubi ina dariya. Shina yiwuwa in zabura don ƙaya, gaban surukina, hannunai bisa bayana, ga dattawa zaune? Mu ba mu yin haka."

Na ce ai da liman ya tambaye ka sai ka ce ka ji. Ya ce, "In ce Baba ya ji min ciwo, shina tsaye?" Shi a ransa ya ɗauka haƙurinsa ake gwadawa, ko zai iya da abin da ke tafe. Ba wanda ya gaya masa motsin ake nema. Da ya gane, an riga an watse, kuma a ganinsa komawa ya ce ya ji daidai yake da ya ƙaryata ka a gaban gari. Asibitin ma abin da ya hana shi zuwa ke nan.

Ya roƙe ni kada in gaya maka ya ji zafi. Na ce masa ba zan iya yi masa wannan alkawari ba, don kai kaɗai za ka iya kwance abin a gaban Mai'unguwa.

Kawu, na yi ta tunani a kan tarin ƙasar nan. Ana koya mana mu dubi fata a rana, mu shafa, mu kankare, na ɗauka shi ke nan. Ban taɓa kawowa a raina ba cewa amsar tana iya canjawa saboda wanda ke riƙe da audugar. Ga sauran audugar na bar maka, amma kada kai ka yi gwajin. Ka ba liman, kai kuma ka fita waje.

Ɗanka,
Falalu

*

Sabuwar Tunga
Afrilu, 1978

Zuwa ga ɗana Falalu,

Sallama da gaisuwa mai yawa, da fatan jarrabawar da ka ambata ta zo da sauƙi. Muna lafiya. Innarka ta shiga sabon ɗakinta tana ta yi masa tsiya, wai bai kai tsohon sanyi ba. Ruwa ya fara hawa, daga kan tudu ana hango kan gawon kawai. Saƙonka na cewa malaminku ya duba a madubi ya ga ƙyasfi ne ya iso. Ka gaishe shi, ka ce wani tela ya ce ya iya ɗinkinsa.

Na daɗe ban amsa ba. Wannan karon ni ne na kama gyaran tabarau.

An yi gwajin a ƙofar masallaci ranar Juma'a. Liman ya riƙe auduga, ni na koma bayan katanga kamar ɓarawon kaji. Ina jin mutane suna cewa "ya nuna," "ya ƙara nunawa," har abin ya zama wasa, yara suna roƙon a gwada su. Mai'unguwa ya ce Allah ya kyauta, kuskure ne, kowa ya gani. Aka ɗauke butar da aka ware. Wasu suka miƙa masa hannu, wasu suka tuna suna da uzuri. Irin wannan suna ba ya fita da wanki ɗaya.

Bello mahauci ya riga ya yi rufi, ba mai cewa ya rushe. Amma Mai'unguwa ya yi ƙoƙari, ya ce akwai wani fegi a cikin gari bayan gidan liman, Jatau ya dawo. Na ji daɗi, na ce ko ba katanga ɗaya ba, ai tafiyar carbi ɗaya ce. Jatau ya durƙusa ya yi godiya mai tsawo. Sa'an nan ya ce, "Ranka shi daɗe, na riga na gina rijiya can, ta kuwa yi ruwa. Inda anka aje ni, nan ni ka zama." Ba fushi a muryarsa ko kaɗan. Da ya yi fushi da na sami abin kamawa.

Na aika Innarka ta lallashi Taibatu. Ta dawo ta ce in bar maganar.

Ka san tsakanin mutum da surukinsa ba a ajiye kalmar ban haƙuri ba. Na nema na rasa. In na ce ya yafe mini, na sa shi a kunyar da ta fi ta zaure. Rannan ina dawowa daga gona na bi ta gindin aduwa, na karyo ƙaya ɗaya, na duba ba kowa, na soka a damtsena. Falalu, sau ɗaya na soka, ban ma danna ba, na yar da ita ina salati. Na zauna a wurin har rana ta yi sanyi.

Katangarsa ta gabas ba ta ƙare ba, ga damina tana matsowa, in kwazazzabo ya kawo ruwa kuma sai dai mu hangi hayaƙin juna. Jiya da hantsi na rufe keke, na ɗauki kwando na tsallaka, ban gaya wa kowa ba. Na ce bakina ya kasa, bari hannu ya gwada, ko tubali ne in miƙa masa. Jikokina suka gan ni suka sheƙo da gudu. Shi yana cikin ramin kwaɓa ƙasa, ya ba ni baya, ba riga. Da ya ji muryata ya yi wuf ya jawo rigar ya saka, ya fito da laka har gwiwa ya durƙusa yana gaishe ni, yana tambayar gwiwata. Amma na riga na gani.

Maganinka ya yi aiki. Ƙyasfin ya tafi, fatar ta koma kalarta, in ba an gaya maka ba ba za ka san inda yake ba. Wuraren da na soka ne suka zauna, baƙaƙe, ɗigo-ɗigo a kafaɗarsa, sun fi yadda nake tsammani yawa.

Kai da kake karatun fata, ka tambayar mini malaminku ko irin wannan tabon yana da magani.

Wassalam.

Kawunka,
Ɗanasabe Tela